Tallar taba a ƙofar lekol, ina hukuma?

Wallahi abin da na gani jiya wajen unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi ya tsaya mini a rai. Wani mai tebur dab da ƙofar lekol, an ba shi babbar lema sabuwa fil mai launi da tambarin sigari, yara sun fito rekire suna sayen alawa da biskit a ƙarƙashinta, kwalayen taba jere kusa da bombom. Na ce malam wa ya ba ka wannan, ya ce masu kawo mishi kaya ne, kyauta, shi dai inuwa yake nema.

To ai Nijar ta shiga yarjejeniyar hukumar lafiya ta duniya kan taba tun 2005, kuma dokar 15 ga Mayu 2006 ta hana tallar taba da ɗaukar nauyin wasanni ko bukukuwa da sunanta, akwai tara ga wanda ya karya. Amma ban taɓa jin an ci wani dila tara a Maradi ba.

Ni ba mai tebur nake so a kama ba, talaka ne. Wanda ya buga lemar ya raba ta gari shi ya kamata 'yan sanda da ma'aikatar magajin gari su bi.