Wasiƙa daga Granada: sukari da suga

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaida ku daga Granada, kudancin Sifaniya, da fatan kowa yana lafiya.

Ranar da na fara shiga gidan shayi a nan, mai shayin ya miƙo mini 'yar takardar sukari an rubuta azúcar a jiki. Da ya furta kalmar sai na ji kamar a zaure nake gaban malam: as-sukkar. Larabci ne tsantsa, har da alif da lam ɗinsa, lam ɗin ya narke cikin sin kamar yadda aka koya mana a haruffan shamsiyya. Mutanen Fotugal ma açúcar suke cewa. Musulmi sun yi mulki a yankin nan daga 711 zuwa 1492, su suka kawo noman rake gaɓar tekun Motril, gari a kudu da Granada, kuma sai a 2006 aka rufe masana'antar sukarin rake ta ƙarshe a Salobreña, garin da ke maƙwabtaka da Motril. Wannan ɗabi'a ta haɗiye kalma da alif da lam ɗinta ta faranta mini rai ƙwarai, don mu ma haka muka yi da alƙalami da albasa da aljihu.

Italiyawa kuwa sun jefar da alif da lam, suka ce zucchero. Ta hannun 'yan kasuwarsu kalmar ta haura arewa: Faransawa sucre, Jamusawa Zucker, Ingilishi sugar.

Su ma Larabawan aro suka yi daga Farisawa masu cewa shakar, Farisawa kuma daga Indiya, inda aka fara dafa ruwan rake har ya daskare. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, sharkara na nufin tsakuwa. Duk wanda ya taɓa farfasa mazarƙwaila a tafin hannu ya san dalilin sunan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar sau biyu ta shigo mana. Sukari ta zo daga Larabci, suga kuma ta biyo Turawan mulkin mallaka bayan ta zaga Turai. Kakata har ta rasu sukari take cewa, jikokinta suna cewa suga, tana yi mana faɗa wai mun ɓata Hausa. Na so a ce tana raye in karanta mata takardar mai shayin nan, wadda har yau tana cikin aljihuna.

Ku gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Granada