Wa ke yanke cewa wannan ciwo ne?

Aikin asibiti a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yakan koya wa ma'aikaci abu guda da wuri: na'ura lamba kawai take bayarwa. Kiran lambar nan da sunan ciwo kuwa, mutane ne suka zauna suka yanke.

Hawan jini shi ne misali mafi sauƙi. Iyakar da muke aiki da ita 14/9 ce, wato 140/90, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar. A 2017 likitocin zuciya na Amurka suka sauko da tasu zuwa 130/80. Dattijon da awonsa ya nuna 135/85 ba shi da hawan jini a Garwa, amma a can majinyaci ne. Jiki ɗaya, hukunci biyu, domin kowane ɓangare ya auna haɗarin shanyewar jiki da wahalar shan magani har ƙarshen rai, ya zaɓi inda zai ja layi. Don haka kada a liƙa wa mutum sunan daga awo ɗaya. Ya zauna minti 5, hannu daidai da zuciya, babu goro ko shayi a rabin awan da ya wuce, a kuma maimaita wata rana.

Tsargiya ta juya lamarin. A wasu ƙauyukan bakin ruwa irin na Lagdo da Maga, yaro na fitsarin jini amma ba a kai shi asibiti, tunda sa'anninsa ma haka suke, har wasu na ɗaukarsa alamar girma. Yawan abu ba ya mai da shi lafiya. A karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar da ke kawo ciwon ya fi fita. Maganin praziquantel ne, miligiram 40 kan kowane kilo, bayan an ci abinci. In an bari, mafitsara da ƙoda ne ke biyan bashin. Sai dai da lallashi: "Baba, jinin nan tsutsar ruwa ce ke kawo shi" ya fi "kun yi sakaci" shiga kunne.

A lafiyar ƙwaƙwalwa ne aka fi tuntuɓe. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya da ya fara aiki a 2022 ya sanya baƙin cikin rashi mai tsawo cikin cututtuka, amma da sharaɗi: ya kai wata 6, ya kuma zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka sani. Matar da ke takaba wata 4 da kwana 10, ba ado ba fita, addininta take bi. Wadda ta fita takaba tuni amma har yanzu ba ta barci, ba ta ci, ta kasa kula da goyonta, ita ce abin dubawa.

Haka in mutum ya rikice ko yana faɗuwa, dangi suka ce aljanu ne. Gardama a kan aljanu ɓata lokaci ce, kuma takan kori mutane su ƙi dawowa. A auna zafin jiki, a duba sanƙarewar wuya musamman da rani, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na suga, sannan a keɓe da mai lalurar a tambaye shi ko yana shan tramol. Malam ya ci gaba da addu'arsa, amma a roƙi dangi kada a ɗaure mutum, kada a kuma tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya, domin hakan kan dawo da faɗuwar fiye da da.