Yankari da Hajiya a kujerar gaba

Tun ƙaramar sallah autar gidanmu ta sa ni gaba da maganar giwa. Ta gan ta a littafin makaranta, malaminsu kuma ya ce musu akwai ta a Bauchi, shi ke nan ban sake hutawa ba. Na ce mata sai rani, ta ɗauka kwana na yi mata. Ba kwana ba ne. Da damina ciyawar Yankari ta fi mutum tsayi, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa ka gan ta. Sai fadamu sun ƙafe suke tattaruwa a bakin kogin Gaji. Muka tsayar da hutun Disamba.

Shirin ya fi tafiyar cin lokaci. Na kai mota wajen bakanike ya yi juyen mai, ya canja taya biyu, ya ce kada in yarda in shiga daji ba safaya mai lafiya. Maman yara ta kwana biyu a kicin: dambun nama cike da bokitin roba, cincin, soyayyen zabo, ga yaji a kwalba. Ana gobe tafiya Hajiya, mahaifiyata, ta aiko a kira ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana. "Kai, an ce ruwan can yana da ɗumi. Gwiwar nan tawa fa?" Haka aka yi muka zama mu shida, kujerar gaba kuma ta tashi daga hannun maman yara ba gardama.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, hazo ya rufe gadar Wudil har fitilar mota ba ta wani haskawa. Birnin Kudu muka karya da shayi da ƙosai, muka miƙa ta Ningi, inda duwatsu suka fara tasowa dama da hagu, yaran da ba su taɓa ganin abin da ya fi Dala da Gwauron Dutse ba suka yi tsit. A Bauchi na cika tanki, na ciri kuɗi a hannu, muka yi azahar, muka kama hanyar Gombe. A Dindima ake barin babban titi a yi dama, sai ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar shiga take.

Nan na yi kuskuren lissafi. A zatona in ka kai ƙofa ka iso. Ashe daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya, cikin dajin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ba gida, ba mai rake a bakin hanya, ba kowa sai itatuwa da suri. Hajiya ta ja carbinta ta ce in rage gudu, dajin ba namu ba ne.

Masu tarbar baƙi a Wikki birai ne. Gwaggon biri ya san ƙarar buɗe but fiye da yaron tasha. Wani ma'aikaci ya ɗaga murya daga nesa, "Alhaji, a rufe mota!" Kafin in juyo, wani ƙato mai furfura a kafaɗa ya sure bokitin dambun, ya koma gindin bishiya, ya zauna kamar mai gida, ya ɓalle murfin da yatsu. Ba ya ko sauri. Yana ci yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ƙanana na zagaye shi suna jiran abin da zai zube. Maman yara ta riƙe haɓa: "Malam, kwana biyu na yi a kan dambun nan." Hajiya kuwa dariya har da hawaye, ta ce rabonsa ne ya taso mu tun daga Kano. Can gefe gadu uku na kiwo a durƙushe bisa gwiwoyinsu, ko a jikinsu.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Jagoranmu ya ba mu tarihin a taƙaice: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Hankalin yara ba ya can. Mun ga gwambaza tsaye cikin fadama, mun ga mazo ya gilma kamar walƙiya, mun ga kada kwance a bakin ruwa baki buɗe, wanda babban ɗana ya rantse gungume ne sai da ya motsa wutsiya.

Giwa dai ba mu gan ta ba. Jagora ya tsayar da mota ya nuna mana kashinta a tsakiyar hanya, tuli guda, ɗanye, ƙudaje na bi, ga sawu kamar faifai, ga rassa a kakkarye har sama da kanmu. Ya ce da daddare suka wuce. Auta ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Abba, wannan duk na guda ɗaya ne?" Ni kaina na ji ba daɗi, amma ban ga laifin kowa ba. Wanda ke son giwa a tsaye tana jiransa, gidan zu na Kano ya fi masa kusa.

Da hantsi muka gangara matakalar da ke kaiwa ga ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, kana hango farin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Cikin sanyin hunturu ji za ka yi kamar an sirka maka ruwan wanka. Yara suka faɗa da ihu. Hajiya, da muka riƙo mataki-mataki, ta samu inda ruwan bai wuce ƙauri ba, ta zauna a gefe, ta tattare zaninta kaɗan, ta zura ƙafafu. Ta fi awa ba ta ce uffan ba. Da na je in taso ta don azahar, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai, je ka yi taka. Ka turo min yarinyar nan da buta, a nan zan yi alwala."