Gyaran XSLT a Cocoon, aikin da ba ya son gaggawa

Shagonmu ƙarami ne, amma duk lokacin da rumbun takardun wani ɗakin karatu ya birkice a intanet, mu ake nema. Yawancin aikinmu a kan DSpace ne, manhajar da ɗakunan karatu ke adana takardunsu a intanet da ita, musamman tsohuwar fuskarsa ta XMLUI da aka gina a kan Apache Cocoon, wata manhajar haɗa shafukan intanet. DSpace 7 ya ajiye ta a 2021, sai dai har gobe akwai masu amfani da ita, kuma waɗanda suka iya gyaranta sun yi ƙaranci.

Cocoon ba ya ajiye shafi a shirye. Sassansa ne ke haɗa shi: generator ne ke fito da XML, wato ɗanyen bayani mai alamomi, transformer ya juya shi da XSLT, harshen sauya fasalin XML, serializer ya mayar da shi HTML, wato shafin da ake gani, fayil ɗin sitemap.xmap kuma shi ke tsara wanda zai bi wani. Kamar masu miƙa bulo ne a wurin gini. Sai ka bi layin hannu da hannu kafin ka gane inda aka yi ɓarna. Shi ya sa ba na taɓa stylesheet, wato fayil ɗin XSLT, sai na ga abin da ke shiga cikinsa. A XMLUI, in ka liƙa ?XML a ƙarshen adireshi, ɗanyen bayanin zai fito maka tsirara.

Maigidana da ya koya mini aikin nan ba ya barin mutum ya taɓa madannai sai ya buga XML ɗin a takarda, ya bi shi da jan biro, yana neman template, wato ƙa'idar XSLT da ke kama kowane layi. Ga zafi, ga ƙarar janareto, shi kuwa yana tsaye a kanka: "Ɗan nan, nuna mini template ɗin da ya kama wannan layin." A wurinsa na san cutar da ta fi wahalar da mutane, wato namespace, lambar shaidar da ke nuna dangin da sunayen cikin XML suka fito. Ka rubuta match="title" don template ya kama kanu, komai daidai a ido, amma XSLT 1.0 ba zai kama shi ba muddin takardar tana da namespace ba ka sa masa prefix, wato ɗan laƙabin namespace ɗin, a gaban sunan ba. Kuma ba zai yi ƙorafi ba. Ƙa'idojinsa na asali ne za su karɓi aikin, su zubo rubutun duka a cunkushe, babu kanu babu sakin layi.

To a nan 'yan cika-aljihu ke cutar mutane. Sun ga shafi ya cunkushe, sai su rufe shi da CSS, wato kwalliyar shafi, ko su ce a sake girka komai. An taɓa kawo mana wani rumbu da ƙ da ɗ suka koma tarkace a sunayen kundaye. Wanda ya riga mu ya cika xsl:output, wurin da XSLT ke faɗin yadda za a fitar da rubutu, da umarni iri-iri, bai san Cocoon ba ya sauraron wannan ba. Serializer ne ke yanke hukunci. Da mutumin ya gaji, sai ya bi sunayen yana cire lanƙwasa! Wannan ya ƙona mini rai, domin aikin ɗalibai ne na shekaru. Muka daidaita komai a kan UTF-8, tsarin haruffan da ya san ƙ da ɗ, muka share cache, wato tsofaffin shafukan da manhajar ta adana, sannan muka zauna muka mayar da haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka sai mai aiki ya ce, "Haba Injiniya, layi biyu fa ka canza." Nakan ce, ranka ya daɗe, gano layin ne aikin. Kuma ba ma miƙa aiki sai mun rubuta wa ma'aikatansa abin da ya lalace da fayil ɗin da muka taɓa, saboda wanda zai zo bayanmu.