Katin da babu maiko a jikinsa

Lokacin da na fara aikin binciken gyaran jiragen sama, a ofis nake wuni. A kawo mini fayil-fayil, in bi katunan aiki ɗaya bayan ɗaya: an sa hannu? An buga hatimi? Lambar kayan da aka canza ta dace da ta takardar shaidarsa? Idan komai ya cika, in rubuta babu matsala, in tashi hankali kwance. Maigidana a aikin, dattijo ne da ya yi furfura a kanikanci kafin ya koma bincike, ya zuba mini ido har wata biyu. Rannan ya zaro wani kati da na riga na wuce, ya ajiye a gabana.

"Malam, sake duba wannan."

Matakai goma sha huɗu ne, kowanne da sa hannu. Na ce ni ban ga komai ba. Ya ce in kalli biron. Biro ɗaya, hannu ɗaya, takarda fes babu ko ɗigon maiko, alhali aikin kwana biyu ne, ya bi ta hannun masu aikin rana da na dare. Ashe wani ne ya zauna bayan an gama komai ya jera sa hannun a zama guda. Mai yiwuwa an yi aikin daidai. Sai dai katin ya tashi daga shaida, domin amfanin sa hannu a kan kowane mataki da zarar an gama shi, shi ne wanda ya karɓi aikin ya san inda aka tsaya.

A ranar ya ba ni labarin jirgin Continental Express, ƙirar Embraer 120, da ya faɗi a jihar Texas ta Amurka ranar 11 ga Satumba, 1991. Masu aikin yamma sun kwance sukurori 47 a saman gefen hagu na jelar jirgin, suka tashi, maganar ba ta isa kunnen masu aikin dare ba. Jirgin ya fita da safe a haka, mutum 14 da ke ciki duka suka rasu. Tun daga nan na mayar da lokacin miƙa aiki lokacin bincikena. Ina tsayawa gefe in ji abin da mai tashi yake faɗa wa mai shigowa, sannan in duba ko abin da ya faɗa yana cikin littafin miƙa aiki. Sau da yawa baki ya fi littafin bayani, kuma nan gizo ke saƙar.

Hanga, wato babbar rumfar da ake gyaran jirage, da rana da kuma ƙarfe uku na dare, kamar wurare biyu ne daban. Da rana ƙofofi a buɗe, haske ko'ina, manya suna kai-komo. Daren farko da na kwana a can, na tarar da wani makaniki kwance a ƙarƙashin fiffike, tocila a bakinsa, yana neman tsaga a jikin ƙarfe. Na ɗaga kai, fitilu uku na wannan ɓangaren sun mutu. An kai rahoto tun makonni, amma masu sa hannun sayen ƙwan fitila da rana suke aiki, ba su taɓa ganin duhun ba. Dokar Turai ta wuraren gyaran jirage, wadda ake kira Part-145, ta yi maganar haske, zafi da sanyi, ƙura da ƙara a sashenta na 145.A.25. Da, ina karanta wannan sashen da gudu kamar zancen jin daɗin ma'aikata ne kawai. Mutumin da gumi ke shiga masa ido, ko yatsunsa suka ƙage da sanyi, tsaga mai kaurin gashi za ta wuce shi.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A hanga ban yarda da rabin karin maganar na biyu ba. A Yunin 1990, gilashin gaban wani jirgin British Airways, ƙirar BAC One-Eleven, ya fice a sararin Ingila, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka sauko lafiya. Bincike ya nuna daga cikin kusoshi 90 da aka ɗaure gilashin, 84 sun gaza kaurin da ake buƙata da milimita 0.66 kacal, sauran 6 kuma gajeru ne. Wanda ya ɗaura su ƙwararre ne, shugaban masu aikin dare ma. Da ido ya gwada sababbin da tsofaffin, a ma'ajiyar da ba ta da isasshen haske, bai buɗe kundin kayan gyara ba. Shi ya sa yanzu idan na ga mutum yana aiki littafin gyara a rufe, wai ya haddace, na fi tsorata da shi a kan sabon yaro.

Sauran abubuwan kuwa sabo ne: ranar da aka rubuta a jikin sifanar auna ƙarfin ɗauri, ko wa'adin gwajinta ya wuce, allon kayan aiki, ko akwai gurbin da babu komai bayan an rufe jirgi, gwangwanin man liƙi da kwanansa ya ƙare yana zaune a kan shiryayye.

Inda na fi shan kunya shi ne wajen rubuta rahoto. Karo na farko da na kama an yi amfani da sifanar da wa'adinta ya wuce, na rubuta sunan makanikin ɓaro-ɓaro, ina jin na yi abin kai. Aka ba shi takardar gargaɗi. Daga ranar, ina shigowa hira ke mutuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Sai daga baya na gano sifana biyu ce kawai irin wannan a wurin, an aika ɗaya gwaji ba ta dawo ba, ga jirgi ana jiransa da asuba. Gordon Dupont na hukumar sufurin Kanada ya lissafa dalilai goma sha biyu na kuskuren gyaran jirgi tun 1993, kuma ƙarancin kayan aiki da matsin lokaci suna ciki. Na haddace su don jarrabawa, ga su a gabana ban gane su ba.

Na koma na sake rubuta rahoton a kan tsarin aika kaya gwaji, na kuma je na ba mutumin haƙuri. Bai ce komai ba. An yi kusan wata huɗu, wani dare ina wucewa sai na ji ya kira ni.

"Yallaɓai, zo ka ga wani abu."

Ya kai ni gindin dandamalin da suke hawa don isa jelar jirgi. Gajere ne, sai mutum ya yi ɗage a kan matakala ta ƙarshe, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, sannan ya kai ga sukurorin sama. Ya ce sun shekara biyu a haka. Na ajiye fayil ɗina a ƙasa, na hau.