Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarun da Na Koyi Yin In'ina a Fili

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da na kama aikin ofis na farko, inda wayar da ke kan teburina ta zame mini abin fargaba fiye da kowane shugaba, domin duk sanda ta yi ƙara na san dole ne in ɗaga in faɗi sunana, sunan nan kuwa ya fara da harafin da ya fi kowanne maƙale mini a baki. Wannan kashi ya shafi shekarun da suka biyo baya, kuma tun da wuri ina sanar da mai karatu cewa babu wata rana a cikinsu da na wayi gari na tarar harshena ya saki. Har yau ina in'ina. Abin da ya sauya daban ne, kuma ya sauya ne a hankali ƙwarai, har ya zamana wasu sun riga ni lura da shi.

Kafin wannan lokaci na riga na ƙware wajen ɓoye halin da nake ciki. Idan na hango kalmar da za ta ba ni wahala tun tana nesa a cikin jimla, sai in yi sauri in musanya ta da wata mai kusan ma'anarta, ko in yi kamar na manta abin da zan ce, ko in ƙirƙiri tari. A wurin taro nakan zauna inda ba za a fara tambaya daga kaina ba. Abokan aiki sun ɗauke ni miskili, wasu ma suna yaba mini da cewa ba ni da yawan surutu, alhali kowace yamma nakan koma gida a gajiye tilis da aikin gadin bakina. Daga baya na san cewa wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka mai suna Joseph Sheehan, wanda shi ma mai in'ina ne, ya kwatanta wannan hali a 1970 da tsibirin ƙanƙarar da ke yawo a teku: abin da jama'a ke ji na maimaita harafi da toshewar murya shi ne ɗan abin da ya leƙo sama, amma kunya da tsoro da guje wa magana, waɗanda su ne mafi girma, suna ƙarƙashin ruwa. A nawa lamarin kusan komai a ƙarƙashin ruwan yake.

Yayata ce ta matsa mini in je wurin wata ƙwararriya a fannin gyaran magana. Na je ne don kada in ƙi jin maganarta. Bayan mun gaisa, matar ta saurare ni na tsawon lokaci ba tare da ta kawar da ido ba ko da na maƙale, sannan ta ce, "Malam, me kake fatan samu a wurina?" Na ce, "Malama, so nake in daina, in riƙa magana kamar kowa." Ta ce ba za ta yi mini alkawarin haka ba, domin babu mai gaskiyar da zai yi wa baligi wannan alkawari. Ta bayyana mini cewa kimanin yara biyar a cikin 100 sukan yi in'ina a wani mataki na ƙuruciya, galibi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, kuma mafi yawansu tana barinsu. Waɗanda take bi har girma kusan mutum ɗaya ne a cikin 100, maza kuma sun ninka mata kamar sau huɗu. Wanda ta bi har girma da wuya ta ɓace masa ɗungurungum. Ta ƙara da cewa ba tsoro ne ke haddasa ta ba, ba kuma ƙarancin basira ko sakacin iyaye ba. Lamari ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin gaɓoɓin magana, kuma gado yana da hannu sosai. A 2010 ma wasu masu bincike na cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar Amurka, ƙarƙashin Dennis Drayna, sun gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita bayan nazarin wasu zuri'o'i a Pakistan.

Na fito daga wurin da abubuwa biyu masu karo da juna a zuciyata. Na ji sanyi da na san ba laifina ba ne, na kuma ji baƙin ciki irin na wanda aka yi wa rasuwa, domin tun ina yaro nake jiran wani mutum da zan zama wata rana, mai zuba magana babu tangarɗa, kuma duk wani abu mai muhimmanci na ajiye shi sai ya iso: neman ƙarin girma, tsayawa gaban jama'a, har da neman aure. A ranar aka shaida mini cewa mutumin nan ba zai zo ba. Na yi makonni ban koma ba.

Da na koma, hanyar da ta ɗora ni a kai ita ce wadda Charles Van Riper ya tsara a Jami'ar Western Michigan. Shi ma ya yi in'ina mai tsanani, kuma bai rabu da ita ba har ya rasu a 1994. Manufarsa ita ce mutum ya koyi yin in'ina cikin sauƙi maimakon kokawa da ita. Matakin farko shi ne sanin abin da kake yi idan ka maƙale. Sai ta zaunar da ni gaban madubi ina magana, a nan na ga abin da ban taɓa sani ba game da fuskata: ina runtse ido, ina cije leɓe, ina ɗaga haɓa sama kamar wani ya shaƙe ni. Duk waɗannan ba in'inar ba ce, dabarun tserewa ne da na tara tun yarinta, waɗanda kowannensu ya taɓa fitar da ni sau ɗaya sannan ya manne mini. Mataki na biyu ya fi ɗaci, domin ta umarce ni in riƙa yin in'ina da gangan, a kan kalmomin da ba sa ba ni wahala, a gaban mutanen da ban sani ba, ina kallon idonsu. Na ce, "Malama, na zo ki rage mini ita, ke kuma kina cewa in ƙara?" Ta yi dariya ta ce abin da mutum yake yi da ganin damarsa ba ya ci gaba da firgita shi kamar abin da ke afka masa. Sai bayan wannan aka zo kan gyaran kansa: idan na maƙale a kalma in ƙarasa ta, in ɗan dakata, in sake faɗinta a hankali da sassauta leɓe da harshe, in na saba da haka in koyi sassautawa tun ina tsakiyar maƙalewar, daga ƙarshe in shiga kalmar da taushi tun daga farkonta.

A takarda wannan bai wuce sakin layi ɗaya ba. A rayuwa ya ci shekaru, kuma bai tafi a miƙe ba. Nakan samu watanni masu daɗi har in fara tunanin na haye, sai wata rashin lafiya ko matsin aiki ko rashin barci ya zo, in koma kamar ban taɓa koyon komai ba. Irin wannan koma-baya sananne ne ga masu in'ina, amma sanin haka bai hana shi ciwo ba. A irin lokacin ne wani abokina, da kyakkyawar niyya, ya ce mini ai kowace ɗabi'a kwana 21 take buƙata ta zauna, don haka wataƙila ban dage ba ne. Wannan adadi ya samo asali ne daga wani likitan gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kimanin kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Mutane suka yar da "aƙalla" suka riƙe lambar. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 na tsawon mako 12, a binciken da ya fito a 2009, sun ga cewa ƙananan ɗabi'u na yau da kullum ma kan ɗauki daga kwana 18 har zuwa 254 kafin su zama jiki, matsakaicin kuwa kwana 66, kuma tsallake rana guda ba ya rushe abin da aka gina. Idan ƙaramar ɗabi'a tana iya cin wata takwas, ina ga tsoron da aka shekara ashirin da ɗoriya ana ciyar da shi? Sarkin Ingila George na Shida, wanda shi ma mai in'ina ne, ya fara aiki da mai gyaran magana Lionel Logue a 1926, tun kafin ya hau sarauta, amma a ranar 3 ga Satumba, 1939, da zai yi wa jama'arsa jawabin shiga yaƙi ta rediyo, Logue na tare da shi a ɗakin, kuma wanda ya saurari muryar a yau zai ji inda yake dakatawa yana lallaɓa kalma. Shekara 13 ke nan, ga sarki mai duk wata dama.

Abin da ya fi taimaka mini a shekarun nan ƙaramin sauyi ne a littafin da nake rubuta yadda ranata ta kasance. Da farko ina lissafa sau nawa na maƙale, wanda ya sa kowace rana ta zama jarrabawa, kuma ranar da na yi shiru ita ce ke samun maki mafi kyau. Malamar ta ce in daina, in koma rubuta abin da na so faɗa na fasa, da abin da na faɗa duk da tsoro. Da wannan ma'auni, ranar da na yi tambaya a taro na maƙale har gumi ya keto mini ta fi ranar da na yi shiru na fita lafiya. Na daɗe ina gardama da wannan a raina kafin in yarda da shi.

Akwai masu ganin cewa karɓar kai wani suna ne mai daɗi da ake sa wa sarewa. Ban yarda ba, domin na ɗanɗana duka biyun. Lokacin da na tsani yadda nake magana ban gyara komai ba, ɓoyewa kawai na yi, tun da mutum ba ya iya zama ya dubi abin da yake ƙyama har ya gane yadda yake aiki. Sai da na iya jin muryata tana kakkaryewa ba tare da na zagi kaina ba sannan na samu natsuwar lura da inda harshena ke dannewa, har in sassauta shi. Na kuma samu wani abin dogaro a ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A cikin Suratu Ɗaha, aya ta 27 da ta 28, ya roƙi Ubangijinsa ya warware masa ƙulli daga harshensa domin su fahimci maganarsa. A Suratul Ƙasas ya faɗa da bakinsa cewa ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, a Suratuz Zukhruf kuma Fir'auna ya yi masa gori da cewa da ƙyar yake bayyana magana. Duk da haka shi aka aika. Tun ina yaro ake karanta mini addu'ar nan, ina ɗaukarta roƙon a mayar da ni kamar kowa. Sai a shekarun nan na lura cewa buƙatar da aka ambata a cikinta ita ce a fahimce shi, kuma wannan buƙata ana biya mini ita kullum, ko da na maimaita harafi.

Wani ɓangare na aikin ya shafi mutanen da ke kewaye da ni, waɗanda yawancinsu ƙauna ce ke sa su ƙarasa mini kalma, ko su ce in natsu, in ja numfashi, in yi a hankali. Shawarar nan ba ta da amfani, domin mai in'ina ya san abin da zai faɗa sarai kuma ba gaggawa ce ta tsayar da shi ba. Ƙarasa masa kalma kuwa, ban da cewa sau da yawa ba ita yake nufi ba, yana koya masa cewa jiransa nauyi ne. Na fara gaya wa na kusa da ni haka da lalama. Ranar da aka kawo mana sabon shugaba aka ce kowa ya gabatar da kansa, da layi ya zo kaina na ce, "Yallaɓai, ina da in'ina, idan na tsaya a ɗan ba ni lokaci, zan iso." Sannan na maƙale a sunana, na daɗe, na kuma faɗe shi. Ya ce, "Babu komai, muna jinka," aka wuce ga na gaba. Abin da na shekara da shekaru ina gudu bai ɗauki minti ɗaya ba, kuma ba na jin wani a ɗakin ya sake tunawa da shi bayan an tashi.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba, don a watan da ya biyo baya ma na shiga wani koma-bayan. Sai dai kowane koma-baya ya riƙa zuwa da gajeren zango fiye da na baya, runtse idon da ɗaga haɓar suka ragu har suka tafi, maƙalewar da kan ɗauke mini numfashi ta koma 'yar tangarɗa da nake wucewa ta cikinta. Yayata ce ta fara faɗa. Muna cikin wata muhawara ta iyali na kafe a kan ra'ayina ina ta kawo hujja, sai ta tsaya tana kallona ta ce, "Kai, yaushe ka zama mai gardama haka? Da can sai an roƙe ka kake buɗe baki." Na ce, "Yaya, ai ke kika jawo." A shekarar ce na nemi ƙarin girman da na daɗe ina ajiyewa, a shekarar da ta biyo kuma na yi aure.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin ranar da ɗana na fari, yana ɗan shekara uku, ya zo da gudu zai gaya mini wani abu, na ji ya maimaita harafin farko sau uku, da abin da ni da mahaifiyarsa muka yi bayan nan.