Agustin Biyu Ne, Na Mai Da Su Ɗaya

Ina tattara kayana daga ofis makon jiya sai na ci karo da ɗan littafin nan a ƙasan durowa, bangonsa duk ya koɗe. Shekara huɗu na yi ina rubuta darussan tarihin Ikilisiya da Hausa domin katikis-katikis namu, wato malaman da ke koyar da addini a coci, amma duk wanda ya san ni a wurin nan, da shafi na 11 yake tuna ni.

A shafin na rubuta cewa Waliyyi Agustin, bishop na Hippo, shi ne Fafaroma ya aika ya kai bishara Ingila. Har da ƙarin gishiri: "Ku dubi yadda ɗan Afirka ya koya wa Turawa addini." Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai, kuma daɗin ne ya hana ni dubawa. Agustin na Hippo an haife shi a 354 a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a Milan a 387, ya rasu a 430 lokacin da mayaƙan Bandal suka yi wa birninsa ƙawanya. Wanda Fafaroma Giregori ya aika kuwa wani ɗan zuhudu ne daga Roma, shi ma Agustin sunansa, ya sauka a Kent ta Ingila a 597, ya zama bishop na farko na Kantabari. Shekara 167 ke nan bayan an binne na farkon. Wato na tono mutum daga kabari na sa shi a jirgin ruwa.

An riga an buga, an rarraba. A taron katikis na shekara wani dattijo daga wajen Yola, wanda ya taso a hannun fadoji 'yan ƙungiyar Agustin da suka zo daga Ailan, ya miƙe ya ce, "Malam, a gafarce ni, wannan Agustin naka ya daɗe a duniya fa." Aka fashe da dariya. Wannan na cancanta. Abin da ban cancanta ba shi ne maganar Fada da ke shugabantarmu. Ya girgiza kai ya ce, "Na sha gaya wa yaron nan ya riƙa kawo mini ina dubawa." Alhali daftarin yana cikin jakata, da jan bironsa a kowane shafi. A shafi na 11 ɗin ma ya gyara mini waƙafi, ya bar Agustin yana tafiyarsa Ingila. Na yi shiru. A lokacin na ɗauka ladabi ne.

Dattijon, Allah ya saka masa, ya ja ni gindin mangwaro bayan an tashi. Ya ce, "Ɗana, akwai saura." Ashe na kuma rubuta cewa Agustin da kansa ya kafa ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa. Ƙa'idarsa suke bi, amma a Italiya aka haɗa su ƙungiya a 1244, aka faɗaɗa ta a 1256. Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗi wannan a ciki?" Ya ce bulala ɗaya ta isa a gaban jama'a.

Daga ranar ban ƙara rubuta sunan waliyyi ba sai da garinsa da shekarar rasuwarsa. Faransis na Asisi daban, Faransis Zabiya daban. Na daina haɗa 'yan SMA, wato ƙungiyar fadojin mishan na Afirka, da suka isa Shendam a 1907 da Fararen Fadoji da suka isa Nabrongo ta Ghana a 1906, ko da yake dukansu daga Faransawa tushensu yake. Na koyi cewa in ka kira 'yan zuhudun Katolika irin su Dominikan "ɗarika", mai karatu zai zaci wata ikilisiya ce dabam, don haka "ƙungiya" nake cewa. "Tsarkaka" a wasiƙun Bulus dukan masu bi ne, kada a canza shi da "waliyyai".

Wanda zai gaje ni na bar masa katunan sunayen nan a cikin kwalin takalmi, a jere bisa shekaru. Na kuma gaya masa ya riƙa ajiye duk takardar da aka sa wa hannu. Daftarin mai jan biro dai na tafi da shi gida.